Ƙaryar Safe

Ban gama kunun safe ba waya ta yi ƙara.
Sikelin mangaza, can hanyar Ɗan Isa,
wanda kamyo ke hawa da lodin aya,
wai ya koyi ƙarya.
Da sassafe ya ƙara kilo ɗari uku da arba'in,
rana ta take, ya tuba,
gari ya waye, ya koma.
A auna mota da kaya da safe, a auna ta fanko da azahar,
Alhaji Nomau ya biya kuɗin ayar da ba a taɓa shukawa ba.

Na tarar har an yanke hukunci.
Tsahiru mai rubuta nauyi na tsaye bakin ƙofa,
ya yi zanzaro da rigarsa ta Juma'a
kamar mai jiran alƙali.
Shekara tara yana riƙe da biro a nan,
yau an karɓe makulli daga hannunsa.

Ban ce da kowa komai ba.
Ni inji nake tambaya, shi ba ya rantsuwa.
Na buɗe bayan allo da turnabis,
na sunsuna, ko akwai ƙauri. Babu.
Fis lafiya. Kuran na shiga daidai.
Jan tsinke nan, baƙin tsinke can,
mita ta ce bolt goma, ba ta motsa ba.
To, kai dai lafiya yake. Saura ƙafafu.

Ƙafa shida ke ɗauke da gadar ƙarfen nan,
kowace na aika raɗarta ta siririyar waya,
raɗar da ba ta kai numfashin sauro ba.
Na shiga rami da rarrafe.
Ruwan shekaranjiya bai gama tsanewa ba,
wani kwaɗo ya dube ni, bai matsa ba.
Ta fari ta amsa. Ta biyu ta amsa.
Ta huɗu, lambarta na yawo
kamar akuyar da ta tsinke turke.
Na ce yauwa.
Na cire wayarta daga akwati, na gwada ta ita kaɗai,
sai ta natsu.
Ashe ba ita ba ce. Na kusa sa Alhaji sayen sabuwa
jikka ɗari biyu a banza.

Na koma kan akwatin da wayoyi ke haɗuwa.
Robar murfi ta tsage, ƴar kafa kamar hancin allura.
Na haska tocila can lungu, bayan allon kore:
ɗakuna uku na laka, shafaffu,
an kafa su daidai kan dalma biyu.
Zanzaro.
Laka ta sha raɓa da dare, kuran ya samu gada ya tsallaka,
rana ta busar da ita, gada ta karye.

Na kankare ginin da tsinken sakace,
na wanke koren tsatsa da alkol,
na shanya allon kan bulo, na sabunta dalma,
na toshe kafar.
Muka ɗora duwatsun gwaji, tan ɗaya ya ce tan ɗaya.
Muka sauke.
Sifili ya zauna, ya naɗe ƙafa.

Na zuba lakar a tafin Alhaji, na ce ga ɓarawonka.
Ya juya ta, ya yi dariya,
sannan ya rage murya:
ita ƙaryar nan, ba a iya juya ta ta fuskanci wancan gefe?
Na ci gaba da naɗe wayoyina.
Ya ce wasa yake.

Aka miƙa wa Tsahiru makulli, ba wanda ya ce yi haƙuri.
Bai karɓa nan take ba.
Ya taka ya hau gadar ƙarfen shi kaɗai,
ya tsaya tsakiya inda kamyo ke tsayawa,
ya ce in karanta masa.
Na ce sittin.
Ya ce sake dubawa.
Na ce sittin, Tsahiru.
Ya sauko, ya fidda rigar daga wando.